KIWON HAƘORI: ƘWARYAR ABINCI DA ASAWAKI

Jawabin da anka yi gaban taron ƙungiya, lokacin da 'yan biɗa sunka komo gida

'Yan uwa da kunka komo daga Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya da Yamai, barkanku da sauka, Allah shi sa albarka ga abin da kunka samo.

Shugabannin ƙungiya sun ba mu izini, mu malaman lakwal, mu yi magana yau bisa haƙori. Mun san wani za shi ce cikin ranshi: ga matsalar ruwa, ga tsadar hatsi, ga hanya, mi ya kai mu ga haƙori? To, ku dubi yadda abin ke tafiya. Saurayi ya bar Kalfu bayan girbi, shina da wata 6 ko 7 na nema kafin damina. Ciwon haƙori guda ya isa shi kwantar da shi mako cur, ba barci, ba aiki, kuɗin da za shi aiko gida su tafi ga magani. Dattijo ya yi layya da ragon guminshi, ga nama gabanshi, babu turmin taunawa, sai romo. Yaro ya zo aji hannu ga kumatu, malam na karatu, shi kuwa bugun jijiya kaɗai shike ji. Duk wanga asara ce, kuma mafi yawanta ana iya tare ta da abin da ke cikin gidajenmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda munka sani da OMS, ta fitar da rahoto a 2022 cewa mutum kusan miliyan 3,500 ke fama da ciwon baki ko na haƙori, wato kusan rabin mutanen duniya. A ƙasarmu lokotoron haƙori kaɗan ne, kuma mafi yawansu Yamai suke. Don haka nauyin ya faɗo bisa wuyanmu. Magana guda munka zo da ita: haƙorin babba in ya fita ba shi komowa. Wanda anka cire ma haƙori, makon farko ƙwaryar abincinshi ce rabin maganinshi. Sauran da sunka rage kuwa, gugar safe da dare ke tsare su.

1. MI KE CIN HAƘORI?

Tun muna ƙanana muke jin ana cewa tsutsa ce. Turawa ma haka sunka ɗauka shekaru aru-aru. Wani lokotoro na Faransa, Pierre Fauchard, wanda ya wallafa littafi bisa aikin haƙori a 1728, ya duba ramukan haƙora bai ga tsutsa ba, ya kuma tuhumi sukari. A 1890 wani Ba'amurke mai suna Miller ya nuna yadda ɓarnar take.

Ga yadda take. Bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta ƙanana waɗanda ido ba shi gani. Suna taruwa cikin farar dauɗa mai yauƙi da ke kwantawa ga gindin haƙori, wadda mutum ke iya kankarowa da akaifa da safe. Abincinsu sukari ne. In sun ci, sai su fitar da tsami, tsamin nan shi ke narkar da farin rufin haƙori, rufin da ya fi ƙashi tauri. Allah ya ba mu mai gadi, shi ne yawu: shina wanke tsamin, shina ɗinke ƙaramar ɓarna. Amma yawu na bukatar rabin awa ko fiye bayan kowane zaƙi kafin shi gama aikinshi, kuma in mutum ya yi barci yawu kan ragu ƙwarai.

Ramin na tafiya mataki-mataki. Muddin ga rufi shike, babu ciwo. In ya wuce rufi, sai a fara jin ruwan sanyi da zaƙi. In ya kai ga jijiya, barci ya ƙare. Daga nan wata rana ciwon shi tsaya, mutum shi ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓa ta gangara ga saiwa, mugunya na taruwa cikin ƙashi, kumburi na tafe.

Akwai hanya ta biyu, ita ce ta fi kama dattawa. Dauɗar da ba a goge ba tana daskarewa ta zama kamar dutse. Dasashi shi kumbura, shi riƙa jini, shi ja da baya, ƙashin da ke riƙe da saiwa shi zaizaye. Sai haƙori lafiyayye, marar rami, shi fara girgiɗa har shi faɗi. Muna cewa tsufa ne, alhali dauɗar shekaru ce.

2. LISSAFIN SUKARI

Kakanninmu hatsi da nono da wake sunka ci, sukari baƙo ne gare su, sai ranar suna ko ranar salla. Yau shi ne maigida. Tunda aikinmu lissafi, bari mu yi shi tare.

A 2015 OMS ta ba da ma'auni: babban mutum kada shi wuce kamar giram 50 na sukari a yini, in ya tsaya ga 25 ya fi. Ƙwayar sukari guda ta cikin kwali tana da giram 5 zuwa 6. Ke nan ƙwaya 8 zuwa 10 ita ce iyaka daga safe har dare. Gwangwanin lemu na santilita 33 shina ɗauke da kamar giram 35, wato ƙwaya 6. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ne. 'Yan uwanmu masu teburin kafe da burodi a Abijan sun san cokali nawa ke shiga kofi guda, kuma mai tebur shi ma shina kurɓa tun asuba. Yanzu har hura da kunu sai an zuba musu sukari, abin da iyayenmu ba su yi ba.

Yawan sukari lahani ne, amma ga haƙori yawan maimaitawa ya fi ɓarna. Ku ɗauki shayi. Zama guda kofi 3 ne, na farko, na biyu, na uku, kuma zaman kan ci awa guda. Ku ƙara rabin awar da yawu ke bukata. Wanda ke zama sau 3 a yini, haƙoranshi sun yi awa 4 da rabi cikin tsami, ban da alawa, ban da lemu.

Ba mu ce a bar shayi ba. Wa za shi raba mutumin Adar da butar shayi? Abin da muke roƙo sauƙi gare shi. A ɗora shayi bayan an ci abinci, maimakon a yi ta sha tsakanin abinci da abinci. A rage ƙwaya ɗaya-ɗaya har harshe shi saba. Bayan kofin ƙarshe a kurkure baki da ruwa. Shayin dare kuwa, kada kowa shi kwanta bisa shi ba tare da guga ba.

Taba gari da ake haɗawa da kanwa a ajiye cikin leɓe, ita ma mu faɗi gaskiyarta gaban dattawa, tare da neman gafara: tana cin dasashi, kuma tana cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin baki. Gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kai shi likita.

3. IN CIWO YA KAMA

Ciwon haƙori ba shi barin mutum shi yi tunani, shi ya sa ake ɗura komi cikin rami: ruwan batir, man birki, fetur, kanwa, garin taba, ƙwayar asfirin. Duk waɗanga suna ƙona dasashi, ruɓar kuwa tana nan. Kanumfari shina lafar da zafi na ɗan lokaci, amma ba shi toshe rami. Tramol na bakin tebur kuwa kun ga abin da ya yi wa samari, kada ciwon haƙori shi zama ƙofar shigarshi.

Mai cire haƙori a kasuwa, ƙarfen da ya sa bakin wani shi za shi sa bakinka. Ta nan ciwon hanta da sida ke iya ratsawa. Kuma in saiwa ta karye ta rage cikin ƙashi, ba shi da abin fitar da ita.

Hanya ita ce likita. A fara da ta gari, su za su tura mutum Tawa in aikin ya fi ƙarfinsu. Wanda ke waje shi nemi asibitin gwamnati na unguwarsu. Ku sani, ba kowane haƙori ake cirewa ba. Ƙaramin rami ana share shi a cike, haƙori shi ci gaba da aiki shekaru. Jinkiri ne ke kai mu ga cirewa.

In cirewar ta zama dole, ga abin da za a yi. A ci abinci kafin a tafi, sai in lokotoro ya hana. A gaya mishi gaskiya in akwai ciwon sukari, hawan jini, amosanin jini, ciki, ko wani maganin da ake sha kullum. Ɗan biɗa kada shi bari sai jajibirin tafiya: shi ba kanshi mako 2, don hanyar Agadas ko ta Abijan ba wurin jinyar rauni ba ce. In abin ba na gaggawa ba ne, a sa ranar kafin azumi ko bayanshi. In kumburi ne, ba a jira. Malamanmu suna zaune nan, sun fi mu sanin sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya.

4. MAKO GUDA BAYAN CIREWA

Ga inda muke so ku buɗe kunne, musamman mata, don ku ke riƙe da tukunya. In an cire haƙori, rami ke ragewa cikin ƙashi. Jini shi cika ramin shi daskare. Gudan jinin nan shi ne marfi, ƙarƙashinshi sabon nama ke tsirowa. In marfin ya fita, ƙashi shi rage a fili, sai kwana 2 zuwa 4 bayan aikin wani ciwo shi taso wanda ya fi na farko, shina harbawa har kunne, baki na wari. Duk dokokin makon farko don tsare wanga marfi ne.

Ranar farko:

A ciji audugar da lokotoro ya sa, rabin awa zuwa awa guda, ba surutu. Kada a ci komi sai allurar ta saki, don mutum na iya tauna harshe ko kumatu bai ji ba. Kada a kurkure baki, kada a yi ta tofar da yawu, kada a tsotsi ruwan leda ko wani abu da tsinke, kada a kai harshe ko yatsa ga ramin. Babu shayi mai zafi, babu kafe, don zafi na tayar da jini. Babu sigari, babu taba gari, aƙalla kwana 3, in mako ya samu ya fi. Babu noma, babu ɗaukar kaya, babu jan guga. A kwanta da matashi mai tudu.

Abincin ranar: kunu ko koko wanda ya huce, nono, kindirmo, ayaba. Hura a dama ta ƙwarai, a tace, kada tsaki shi rage, kuma ban da tonka. A sha da ludayi ko cokali. A sha ruwa da yawa.

In jini ya dawo, a naɗe auduga mai tsabta ko ƙyalle wankakke, a ciza minti 20 a zaune. Ja-ja kaɗan cikin yawu ba abin tsoro ba ne. Don ciwo, a sha abin da ke bisa takardar lokotoro, yawanci farasetamol. Kada a sayi asfirin, shina tsinka jini.

Kwana na 2 da na 3:

Yanzu ne ake fara ruwan gishiri. Rabin ƙaramin cokali cikin kofin ruwa wanda anka tafasa ya koma ɗumi. A riƙe cikin baki, a karkata kai a hankali, a bar shi shi zubo. Sau 3 ko 4 a yini, musamman bayan abinci, har mako guda. Kumatu kan ɗan kumbura waɗanga kwanaki, sannan shi saɓe.

Abinci: tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta kuɓewa, dafaffen ƙwai, kabewa, dankali da anka dafa anka murje, wake da ya dahu lugub, alala, romo mai ɗumi, kifin Tabalak in an cire ƙaya. A tauna ta ɗaya gefen. Mutane da yawa kan zauna bisa kunu kaɗai don tsoro. Kuskure ne. Rauni da abin gina jiki shike warkewa, shi ya sa munka lissafa ƙwai, nono, wake da kifi. Dasashi kuma shina son abin da ke cikin tumatir, gwaba, mangwaro, garin 'ya'yan kuka da ganyen tamaka. A dafa ganyen shi yi laushi cikin miya.

Abin da za a ajiye har mako ya cika:

Masu tauri: kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, gujiya, aya, goro, goriba, rake, busasshen dabino, gasasshiyar masara, soyayyar fara, busasshen cuku, ɓawon burodi.

Masu warwatsewa su shiga rami: dambu, garin rogo, acake, riɗi, shinkafar da ba ta yi laushi ba. 'Yan Abijan, garba sai ta jira ku.

Masu ƙuna: tonka, yaji, lemun tsami, lemun kwalba.

Daga kwana na 4 zuwa na 7 a riƙa komawa abincin gida sannu-sannu. Guga ba ta tsayawa: tun washegari a goge sauran haƙora, a kewaye ramin. In an yi ɗinki, a koma ranar da anka faɗa. In an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanye shi yadda anka rubuta, kada a raba da maƙwabci. Naman kan rufe cikin mako 1 zuwa 2, ƙashi kuwa sai ya ɗauki watanni.

Alamun da ba a kwana da su: kumburin da ke hawa wajen ido ko ke gangarawa ƙarƙashin haɓa da wuya, masassara, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, jini ya ƙi tsayawa. Waɗanga na iya kisa. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

5. GUGAR KULLUM

An cire guda, saura fa? Babba mai cikakken baki haƙori 32 gare shi. In aka bar halin da ya ci na farko, na biyu na bisa hanya. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle ga maƙwabta cikin baki guda.

Mu Musulmi ba a zo mana da baƙon abu ba. Asawaki sunna ce, malamai sun karantar da mu yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya kwaɗaitar da shi wajen salla. Icce kuwa bai yi mana wuya ba. Akwai asawakin da alhazai ke kawowa, akwai bedi a kowace ƙofa. Tun 1975 anka fara dasa layukan bedi cikin kwarin Majiya don tare iska, yau ko'ina cikin Adar shike. Amma asawaki a gefen baki ana hira ba guga ba ce. A tauna bakin shi yi laushi kamar gashi, a bi haƙori ɗaya-ɗaya, waje da ciki da bisa, a yanke bakin kullum a sabunta. Inda asawaki ke gazawa shi ne bayan haƙora ta wajen harshe da turamen ƙurya, ga turamen nan kuwa rami ya fi farawa.

Burushi da man goge haƙori suna da abin da icce ba shi da shi, wato fulor, sinadarin da ke ƙara wa rufin haƙori tauri. A 2021 OMS ta sa man goge haƙori mai fulor cikin jerin magungunan da ba a rasa su. In za ku saya, ku duba jikin kwalin: a ga an rubuta fluor ko fluoride, da lamba tsakanin 1000 da 1500. Wanda bai iya karatu ba shi ba ɗan lakwal shi duba mishi.

Ƙa'idodin ga su:

Sau 2 a yini, safe da dare. Ta dare ta fi, kuma bayanta ruwa kaɗai ke shiga baki.

Minti 2 kowace guga. Burushi mai laushi, a jingina gashin inda haƙori da dasashi sunka haɗu, a yi 'yan kewaye ƙanana. Ƙarfi ba shi ƙara tsabta, dasashi shike ci.

In an gama a tofar, kada a kurkure, don fulor shi zauna shi yi aiki.

Kowa da burushinshi. A sake shi bayan wata 3, ko in gashin ya baje.

Gawayi, toka da yashi suna sa haske na ɗan lokaci, amma suna kankare rufi, rufi kuwa ba shi tohuwa.

In dasashi na jini, kada a bar guga. Dauɗa ce ke sa jinin, cikin mako 1 ko 2 na guga mai kyau shikan tsaya. In bai tsaya ba, likita. Masu ciki da masu ciwon sukari su ƙara kula, dasashinsu ya fi saurin kamuwa.

Mafi kyau a haɗa biyun: burushi safe da dare, asawaki wajen alwala. Ga lissafin ƙarshe. Minti 4 a yini, sau 365, minti 1,460 ke nan, wato awa 24 da minti 20. Kwana guda cikin shekara. Ku auna shi da makon da ciwo ke cinyewa, da kuɗin mota zuwa Tawa, da kuɗin magani.

6. ƊIYANMU

Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Haƙoran nono 20 ne, suna fara fitowa wajen wata 6. Tun na farko ake fara sharewa. Yaro ƙasa da shekara 3, man goge haƙori kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Babba shi tsaya kanshi har shi kai shekara 7 ko 8.

Dalilin wanga awo shi ne, fulor kamar gishiri shike, kaɗan gyara, da yawa ɓarna. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan famfon da anka sha daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 ya ninka ma'aunin OMS, miligiram 1 da rabi cikin lita, fiye da sau 3. Yara da yawa haƙoransu sun rine, wasu ƙasusuwansu sun tanƙware. Ɗan abin da ke bisa burushi bai kai ko kusa da haka ba, amma a koya wa yaro tofarwa, kada shi riƙa lasar man kamar alawa.

Ga wani abu da muke gani cikin aji kowace shekara. Wajen shekara 6, daidai shigar yaro lakwal, turmi 4 ke fitowa can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye na ɗauka na nono ne, in ya yi rami su ce ai za shi famɓare. Turmin nan na dindindin ne, ba shi da magaji. Yau in kun koma gida ku buɗe bakin ɗiyanku ga hasken rana ku duba. Kuɗin tara da ake ba yaro da safe kuma, a san inda shike tafiya. Ƙosai ko gujiya sun fi alawa da lemun leda. 'Yan biɗa, cikin tsaraba a rage kwalin minti a sa burushi.

Sai magana mai nauyi. Akwai ciwon da likitoci ke kira noma, sunan kawai ya yi kama da noman gona. Wasu na ce mishi ciwon iska. Shina kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman wanda tamowa ta raunana bayan yaye, ko wanda ya tashi daga baƙon dauro ko zazzaɓin sauro, bakinshi kuma babu tsabta. Shina farawa da gyambo ga dasashi, jini, wari, dalalar yawu, sai kumatu shi kumbura. Cikin 'yan kwanaki shike huda fuska. In ba a yi magani ba, har 9 cikin 10 na iya mutuwa. In an kai da wuri kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai kyau suna tsayar da shi. Ƙungiyar Sentinelles na jinyar irin waɗanga yara a Damagaram tun 1992. A Sakkwato an buɗe asibiti na musamman dominsu a 1999. A watan Disamba na 2023 OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci. Uwa, in ɗanki ya ƙi abinci bakinshi na wari, buɗe ki duba, kuma kada rana ta faɗi ba ki kai shi likita ba.

7. ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Na ɗaya, kowane reshe na ƙungiya a waje shi san asibitin haƙori mafi kusa, don baƙon da ya sauka kada shi faɗa hannun mai ƙarfe a kasuwa.

Na biyu, wanda anka cire ma haƙori cikin ɗakin samari, 'yan ɗaki su riƙe mishi tebur kwana 2 ko 3, su nemo mishi kunu da ƙwai. Bashi ne, gobe shi za shi biya.

Na uku, asusun ƙungiya shi duba ko za shi iya sayen burushi da mai ga 'yan ajin farko a farkon shekarar karatu. Mu malamai mun ɗauki nauyin koya musu, da duba bakinsu kowane wata 3, da sanar da iyaye.

Na huɗu, muna roƙon limamanmu su tuna wa jama'a maganar asawaki cikin wa'azi, don kalma guda daga gare su ta fi goma daga gare mu.

Na biyar, wanda ya karanta wagga takarda shi karanta wa wanda bai iya ba, musamman sashe na 4, kuma a liƙa ta inda mata ke gani.

Dattawa, in mun yi tsawo ku yi mana haƙuri. Lafiya uwar jiki. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare matafiyanmu, shi raya ɗiyanmu, shi bar mu da abin tauna abin da munka noma.